Ƙudan zuman da ba ya yin zuma: ina matsayin Eucera longicornis a cikin danginsa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ga hoton wani ƙwaro mai gashi, ƙahoninsa dogaye kamar za su kai ƙarshen jikinsa. An rubuta Eucera longicornis a ƙarƙashin hoton, aka ce ƙudan zuma ne. Amma bayanin ya ce ba ya yin zuma, ba shi da sarauniya, kuma a ramin ƙasa yake hayayyafa. To ta ina ya zama ƙudan zuma? Sannan wani littafi ya sa shi a dangin Anthophoridae, wani kuma ya ce Apidae. Wanne ne daidai?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Ƙudan zuma ne cikakke, kuma a yau Apidae ne danginsa. Littafin da ya ce Anthophoridae bai yi ƙarya ba, tsufa kawai ya yi. Amma idan na tsaya a nan zan bar ka da ruɗanin da ka zo da shi, don haka bari mu bi abin daki-daki.

Abin da ke rikita yawancin mutane shi ne, ƙudan zuman da kowa ya sani, mai amya da saƙa da sarauniya, shi ne baƙo a cikin danginsa. Masana sun bayyana nau'o'in ƙudan zuma kimanin 20,000 a duniya. Jinsin Apis, wanda daga cikinsa ake samun zumar da aka fi sani, ko an yi masa lissafi da karamci bai wuce nau'i goma sha biyu ba. In ka ƙara masu zaman taro irin su Bombus, wato wasu ƙudan zuma masu ƙiba da yawan gashi, da wasu ƙananan ƙudan zuma marasa harbi, har yanzu tsiraru ne. Mafi rinjaye zaman kaɗaici suke yi, kowace mace da nata gida, kuma mafi yawan waɗannan a cikin ƙasa suke haƙa gidan. Wato ƙwaron da ka gani a hoto shi ne ke kan al'adar gidan.

Abin da ya sa ake kiran ƙwaro ƙudan zuma a ilimance abu biyu ne manya. Na farko, abincin da yake ciyar da 'ya'yansa: garin fure da ruwan zaƙin fure, maimakon naman wasu ƙwari. Kakannin ƙudan zuma wasu irin zanzaro ne mafarauta, masu harbin ƙwaro su kai wa tsutsotsinsu a rami. Fiye da shekaru miliyan 100 da suka wuce wani reshe nasu ya koma ga garin fure, daga nan duk ƙudan zuman duniya suka fito. Na biyu, gashin jiki. Ka sa gashin ƙudan zuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za ka ga aƙalla wasu daga ciki suna da rassa kamar gashin tsuntsu, su ne ke riƙe garin fure. Na zanzaro miƙaƙƙe ne sumul. Zuma ba ta cikin sharuɗɗan ko kaɗan. Ita ajiya ce ta masu zaman taro da ke buƙatar abin da dubban bakuna za su ci a lokacin da furanni suka ɗauke. Wadda ke rayuwar makonni kaɗan a sarari, ta mutu kafin 'ya'yanta su fito, ba ta da wanda za ta tara wa zuma.

Shi wannan Eucera longicornis ɗan Turai ne da sassan Asiya masu sanyi. Tsawon jikinsa milimita 13 zuwa 15 ne ko kusa da haka. Wanda ka gani namiji ne, ba tantama, domin namiji ne kaɗai ke da waɗannan dogayen ƙahoni. Ƙahon nan ba na faɗa ba ne, gaɓar jin ƙamshi da taɓawa ce. Na namiji gaɓoɓi 13 ne, na mace 12, kamar yadda yake a kusan dukkan ƙudan zuma, sai dai a nan kowace gaɓa ta namijin ta miƙe ta yi tsawo, har idan ya kwantar da su baya suna kusan kai ƙarshen cikinsa. Fuskarsa rawaya ce a ƙasan idanu, gashin bayansa ja-ja ne in sabon fitowa ne, bayan ya sha rana kwanaki sai ya koɗe ya yi toka-toka. Macen ta fi shi kauri, fuskarta baƙa, ƙahonta gajere, ƙafafunta na baya kuma cunkus da gashi mai kauri wanda take ɗaukar garin fure da shi. Ƙudan zuman amya yana da wani ɗan faranti mai santsi a ƙafar baya inda yake dunƙule garin fure. Wannan ba ta da shi, a cikin gashin take cusa garin. Wanda bai sani ba, in ya ga macen da namijin a gefe guda, zai rantse ba nau'i ɗaya ba ne.

Suna fitowa daga watan Mayu zuwa Yuli, zuriya ɗaya a shekara. Maza ke riga fitowa. Za ka gan su suna shawagi ƙasa-ƙasa da gudu, suna zagaye furanni da wuraren ramuka, suna neman macen da ta fito sabuwa. Namiji ba ya haƙa rami, ba ya tara abinci, ba shi ma da ƙari, domin ƙarin harbi asalinsa bututun saka ƙwai ne da ya sauya aiki, don haka mata kaɗai ke da shi. Da dare ma ba shi da wurin kwana. A cikin wannan ƙabila an san maza da kwana a kan tsirrai, su cije reshe da muƙamuƙi su rataye, wani lokaci da yawa a kan kara ɗaya.

Aikin duk na macen ne. Bayan barbara sai ta nemi ƙasa marar ciyawa sosai wadda rana ke duka, sau da yawa gangare ko gefen gaɓar teku inda ƙasa ke zaizayewa. Da muƙamuƙi take kankare ƙasar, ta turo ta waje da ƙafafu. Daga babban ramin sai ta yi 'yan rassa, kowanne ya ƙare da ɗaki guda mai siffar ƙwai. Bangon ɗakin takan goge shi ya yi sumul, ta shafe shi da wani ruwa mai kama da kaki da ke fita daga jikinta, wanda ke hana danshin ƙasa shiga ya lalata abincin. Daga nan sai jigila: ta je fure ta dawo, ta je ta dawo, har ta tara garin fure da ruwan zaƙi gwargwadon abin da zai ishi tsutsa ɗaya tun daga ƙyanƙyasa har girma. Ta ɗora ƙwai ɗaya a kai, ta toshe bakin ɗakin da ƙasa, ta koma kan na gaba. Ba za ta sake ganin abin da ke ciki ba. Tsutsar za ta cinye abincin, ta saƙa wa kanta ƙwanso, ta yi sanyin hunturu a ƙarƙashin ƙasa, sai bazara ta zagayo sabon ƙudan zuma ya tono hanyarsa ya fito.

Akwai wani abu a nan da ke ba ni sha'awa har yau. Uwar ce ke zaɓar ko ɗa namiji ko mace za ta sa a kowane ɗaki. Maniyyin da ta karɓa yana ajiye a wata 'yar jaka a cikinta. In ta sake shi a kan ƙwai, mace za a samu, in ta bar ƙwan haka, namiji. Haka tsarin yake a duk rukunin da ya haɗa ƙudan zuma da zanzaro da tururuwa.

Kada yawan ramuka a wuri ɗaya ya ruɗe ka. Sau da yawa za ka tarar da ramuka masu yawa kusa da juna a gangare ɗaya, ƙwari na shiga suna fita, ka ɗauka gari ne irin na amya. Maƙwabtaka ce kawai. Ƙasar wurin ce ta yi musu, kuma 'ya'ya kan haƙa kusa da inda suka fito. Babu mai yi wa wata aiki, babu wadda ta bar haihuwa don ta yi renon 'ya'yan wata. Wannan rabon aiki, wasu su haihu wasu su yi bauta, shi ne ma'aunin zaman taro a wurin masana, kuma babu shi a nan.

Game da abinci, tana da zaɓe. Ruwan zaƙi za ta sha a furanni iri-iri, amma garin furen da take tara wa 'ya'ya daga dangin wake take ɗebo shi, musamman jinsunan Vicia da Lathyrus da Trifolium. Furen dangin wake a rufe yake, sai ƙwaro mai ɗan nauyi da dogon harshe ya danne leɓen ƙasa kafin ya buɗe. Ita kuwa tana da duka biyun.

Yanzu ga jerin matsayinsa, daga sama zuwa ƙasa. Ƙwaro ne a rukunin Hymenoptera, tare da zanzaro da rina da tururuwa. A ciki yana babban dangin Apoidea. Ƙudan zuma sun kasu dangi bakwai: Apidae, Megachilidae, Halictidae, Andrenidae, Colletidae, Melittidae, da ɗan ƙaramin dangin Stenotritidae da ba a samu sai a Ostareliya. Biyun farko su ake kira masu dogon harshe. Namu yana Apidae, a ƙabilar Eucerini, wadda ke da nau'o'i sama da 700 a duk nahiyoyin da ƙudan zuma ke rayuwa ban da Ostareliya. Jinsinsa Eucera, nau'insa longicornis. Ƙarshen sunan kan gaya maka matakin da kake: in ya ƙare da idae dangi ne, inae ƙaramin dangi, ini ƙabila.

In ka duba littattafan masana za ka ga an rubuta cikakken sunan haka: Eucera longicornis (Linnaeus, 1758). Waɗannan baka biyu ba ado ba ne. Carl Linnaeus, masanin nan ɗan Suwidin, shi ya fara bayyana wannan ƙwaro a bugu na 10 na littafinsa Systema Naturae a 1758, bugun da daga kansa ake fara lissafin sunayen dabbobi na kimiyya. Amma shi Apis longicornis ya kira shi, domin a wurinsa kusan duk ƙudan zuma Apis ne. A 1770 Giovanni Antonio Scopoli, likita kuma masanin halittu, ya ware jinsin Eucera. Dokar suna ta ce idan aka ɗauke nau'i daga jinsin da aka fara sa shi aka mai da shi wani, sai a sa sunan wanda ya fara bayyana shi da shekarar a cikin baka. Kuma wannan nau'i shi ne ma'aunin jinsin gaba ɗaya: duk yadda aka faɗaɗa Eucera ko aka tsuke shi, inda longicornis yake nan sunan Eucera zai zauna. Shi ya sa sunansa bai sake motsawa ba alhali na 'yan'uwansa da dama sun yi ta canzawa.

To, batun Anthophoridae. Shekaru da yawa masana suna raba masu dogon harshen nan gida biyu ban da Megachilidae. Apidae aka bar wa masu faranti a ƙafa, wato ƙudan zuman amya da Bombus da makusantansu. Sauran kuwa, masu haƙa ƙasa da masu huda itace da masu saka ƙwai a gidan wasu, aka tattara su a Anthophoridae. A ido tsarin ya yi kyau, ga masu taro a nan, ga masu kaɗaici a can. Matsalar ta fito fili da aka fara tambayar wa ya haifi wa, maimakon wa ya yi kama da wa. A 1993 wasu masanan ƙudan zuma biyu, Arturo Roig-Alsina da Charles Michener, suka fitar da nazarin da ya bi siffofin manya da na tsutsotsi dalla-dalla, ya nuna cewa masu farantin nan daga tsakiyar Anthophoridae suka tsiro. Wasu 'yan Anthophoridae sun fi kusa da ƙudan zuman amya a kan yadda suke kusa da wasu 'yan Anthophoridae ɗin. Kamar mutum ne ya lissafa jikokin kaka ɗaya, ya cire gida guda don sun yi arziki sun canza sutura, ya ce sauran ne kaɗai zuriya. Ƙa'idar rarrabewa ta zamani ba ta yarda da haka ba: suna ɗaya dole ya ƙunshi kaka da dukkan abin da ya fito daga gare shi. Sai aka narkar da Anthophoridae cikin Apidae, kuma babban littafin Michener, The Bees of the World, wanda ya fito a 2000 aka sake buga shi a 2007, ya tabbatar da wannan tsari a hannun kowa. Duk littafin da ka ga Anthophoridae a matsayin dangi, ko dai ya girmi wannan lokaci, ko ya kwafo daga wanda ya girme shi.

Za ka iya cin karo da saɓani na biyu a matakin ƙaramin dangi. Michener ya sa Eucerini a cikin Apinae. Wani nazarin ƙwayoyin gado da Silas Bossert da abokan aikinsa suka fitar a 2019 ya ware su da makusantansu a ƙaramin dangi nasu, Eucerinae. Sababbin rubuce-rubuce da dama wannan suke bi.

Abin da zai ba ka mamaki shi ne, ƙahon da ya ja hankalinka ba shi da nauyi sosai a wurin mai rarrabewa. Rabin nau'in, wato mata, ba su da shi. Akwai mazan wasu 'yan ƙabilar da nasu bai yi wani tsawo ba. Akwai kuma ƙwarin da ba su haɗa komai da ƙudan zuma ba, irin buzuzun nan masu huda itace na dangin Cerambycidae, da ƙahoninsu suka fi nasa tsawo. Abin da masani ke dubawa yana wuraren da hoto ba ya kaiwa. A baki, alal misali, akwai wasu 'yan siraran gaɓoɓi biyu a gefen harshe waɗanda a Eucerini suka yi tsawo fiye da na sauran ƙudan zuma, kuma mace da namiji duk suna da su. Sai fiffike. Ka ɗaga fiffiken gaba ka duba shi a haske, za ka ga jijiyoyi sun yanka shi gida-gida. A ƙarƙashin dogon gidan da ke bakin fiffike wajen ƙarshe akwai jerin ƙananan gidaje. A Eucera longicornis biyu ne. A mafi yawan 'yan ƙabilar uku ne.

Wannan ƙidaya ta biyu da uku ta daɗe tana mulki. An yi zamanin da duk mai gida biyu Eucera ne, mai uku kuma a kai shi Tetralonia ko wani jinsi. Abu ne mai sauƙin gani, shi ya sa aka so shi. Amma bambancin jijiya ɗaya ce tak, wadda in ta ɓace gida biyu suka haɗe suka zama ɗaya, kuma irin wannan ɓacewa ta faru sau da dama a rassan ƙudan zuma da ba su da kusanci. Michener kansa ya shigar da Synhalonia, masu gida uku, cikin Eucera. Daga baya, a 2018, Achik Dorchin da abokan aikinsa suka yi nazarin ƙwayoyin gadon wannan gungu, suka faɗaɗa Eucera ƙwarai har ya haɗiye wasu jinsunan nahiyar Amurka.

Wanda ya fi jin jiki a wannan sauyi shi ne ƙudan kabewa na Amurka ta Arewa, ɗan ƙabilar nan da ba ya ɗibar garin fure sai na kabewa da danginta. Da asuba yake fita aiki kafin furen ya rufe, mazansa kuma a cikin rufaffen furen suke yini suna barci. Ya bazu daga yankin Meziko zuwa arewa ne yana bin noman kabewa. An daɗe ana kiransa Peponapis pruinosa. Bayan 2018 ya koma Eucera pruinosa. A 2023 wani nazarin da ya fi faɗi, na Felipe Freitas da abokan aikinsa, ya sake tsuke Eucera, aka mai da shi Xenoglossa pruinosa. Ƙwaro ɗaya, suna uku, kuma duka ukun za ka same su a takardun da ba su tsufa ba.

Ra'ayina a kan wannan, ba na ganinsa a matsayin rashin tsari, amma ba na kuma ɗaukar kowane sabon suna kamar hukuncin ƙarshe. Abu biyu ne ake cakuɗawa. Yadda rassan suka fita daga juna tambaya ce da hujja ke amsawa, kuma a kan wannan nazarce-nazarcen suna ƙara matsowa kusa da juna. Amma a wane reshe za a yanka a ce nan jinsi ya fara, wannan shawara ce ta mutane. Wani ya fi son babban jinsi guda mai ƙananan rassa, wani ya fi son ƙanana da yawa masu sauƙin ganewa, kuma dukansu na iya tsayawa a kan bishiya ɗaya. Don haka in kana rubutu, ka riƙe sunan nau'in da na wanda ya bayyana shi da shekarar, domin su ba sa canzawa, sannan ka faɗi tsarin wa ka bi.

Dangin Apidae ɗin nan ya haɗa har da ɓarawon gidansa. Akwai Nomada sexfasciata, siriri mai ratsin rawaya da baƙi, kusan ba gashi, wanda kowa zai ɗauka rina ne. Macensa ba ta haƙa rami, ba ta tara komai. Takan yi gadin bakin ramin Eucera, in mai gida ta fita sai ta shige ta sa ƙwanta a ɗakin da ba a rufe ba. Tsutsarta ta kashe ƙwai ko tsutsar mai gida, ta cinye abincin. Shi ma ƙudan zuma ne, shi ma Apidae, alhali ko garin fure ba ya ɗauka. A Birtaniya, inda Eucera longicornis ya ragu sosai saboda ɓacewar makiyayu masu furannin dangin wake, har ya koma tsiraran wurare a kudancin Ingila da Wales, shi wannan Nomada ya rage a wuri ɗaya tak a gaɓar tekun kudancin Devon, wani yanki na Ingila. Mai cin arzikin wani ya kan riga mai arzikin shiga uku.

Mazan Eucera ma akwai mai yaudararsu. Furen okid na jinsin Ophrys yana kwaikwayon siffa da gashi da ƙamshin macen ƙudan zuma, namiji ya sauka a kai yana ƙoƙarin barbara, ya tashi da dunƙulen garin fure manne a kansa. Ophrys apifera na cikin waɗanda aka ga mazan Eucera na ziyarta a yankin Bahar Rum, ko da yake galibi shi ke yi wa kansa barbara, abin da ya ɗaure wa Charles Darwin kai a littafinsa na 1862 kan furannin okid.

Game da hoton naka kuwa, ka riƙe sunan da aka rubuta da ɗan taka-tsantsan. In an ɗauke shi a tsakiyar Turai ko kudancinta, akwai Eucera nigrescens, wanda ya yi kama da shi ƙwarai, shi ma mai gida biyu a fiffike, shi ma mai son dangin wake, sai dai yana riga shi fitowa da 'yan makonni. A ƙasashen Bahar Rum, inda jinsin ya fi yawa, masu kama da shi sun fi haka yawa. Raba su na buƙatar duba ɗigo-ɗigon da ke fatar bayan ƙirji, da siffar ƙafar baya, da gaɓoɓin ƙarshen cikin namiji, duk a ƙarƙashin madubi. In a Ingila aka ɗauka a 'yan shekarun nan, kusan tabbas longicornis ne. In a Girka ko Turkiyya ne, ni daga hoto kaɗai ba zan wuce cewa namijin Eucerini ba ne, sai in fiffiken ya fito sarai yadda za a iya ƙirga gidajen.